Yadda za ka ƙiyasta kuɗin aika saƙo tsakanin Mubi da Kudu kafin ka je ofis

Kwanakin baya yayana da ke Agege ya ce in aiko masa da huluna da 'yar garin kuka da yaji. Na samu wani ƙaton kwali na zuba, na ɗora a sikelin mai shago, kilo 6 kacal. Da na kai ofishin wani kamfanin aika saƙo a Yola, sai ma'aikaciyar ta ɗauko tef ta auna kwalin, ta ce kuɗin kusan kilo 20 zan biya. Wallahi na ɗauka cuta ce, har muka ɗan yi cacar baki. Ashe ni ne ban san ƙa'idar ba.

Kamfanonin nan nauyi biyu suke dubawa. Akwai na sikeli, akwai kuma na girma, wato wurin da kayan zai cinye a mota ko jirgi. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi za ka biya. Abin da ya ba ni kunya shi ne na san wannan tun ina yaro. A kasuwar shanu ta Mubi, in Babanmu zai yi lodin tirela zuwa Kudu, wuri ake lissafawa. Bijimai masu manyan ƙaho ba sa shiga da yawa kamar ƙananan shanu, kuma kuɗin mota bai ragu ba, don haka kowane kai sai ya fi tsada.

Ga lissafin. Ka auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, ka ninka su, ka raba da 5,000. Da wannan adadin DHL ke aiki, amma ka tambayi naka kamfanin don wasu sukan bambanta. Kwalina 60 ne da 40 da 40. In ka ninka, 96,000 ke nan, a raba da 5,000 ya ba da kilo 19.2. A misali, mu ce kilo ɗaya naira 2,000 ne. Ni na taho da lissafin 12,000, su kuma 38,400 suke nema.

Na fita na nemo ƙaramin kwali mai 40 da 30 da 30, na jera hulunan ɗaya cikin ɗaya, na matse kukar a leda. Lissafi ya dawo kilo 7.2, wato 14,400 a wancan misalin. Kaya dai su ne, iskar da ke cikin kwali kawai na daina biya wa kuɗi.

Sai dai wannan ƙiyasi ne. Yawanci kilon farko ya fi tsada, sukan cike guntun kilo zuwa sama, nisa ma yana da nasa farashi, haka kai wa mutum har ƙofar gida.

A tasha kuwa babu tef babu sikeli, ido ne da ciniki. Ɗan kamasho zai ɗaga kayan ya ji nauyinsu, ya dubi wurin da za su ci. In sun cinye kujera, to kuɗin fasinja za ka biya. Ka tambaya tun farko ko motar kai tsaye za ta tafi, don in za a sauke a Yola a canza wata, biya biyu ne. Ka kuma sa kuɗin motar wanda zai je ya karɓo a Legas ko Anaca cikin lissafi, wani lokacin shi ke cinye rangwamen da ka samu.

Ku da ke Kudu masu aiko da manja ko goro gida, ku riƙa tuntuɓar direbobin tirelar da suka sauke shanu za su juyo Arewa. Kaya masu nauyi a nan suka fi sauƙi, sai dai babu ranar isowa tsayayya, kuma sau da yawa babu rasit. Takardun makaranta ko waya, ni kam kamfani nake kai su ko da ya fi tsada, in karɓi lambar bibiya in tura wa mai karɓa ta WhatsApp.