Kyamarar mota na kunne amma ba ta ɗauka: abin da ke daskarar da ita da yadda ake gano shi

Ƙaramar kyamarar nan da ake liƙawa a gilashin gaban mota ta fara yawaita a titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram. Wasu masu taksi sun saya da kuɗinsu, wasu masu motocin haya sun sa wa direbobinsu, wasu kuma ƴan uwa ne da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka suka aiko musu da ita cikin tsaraba. Dalilin kowa ɗaya ne: ranar da aka yi karo, kowa ya fito yana rantsuwa cewa shi ke da gaskiya, a samu shaidar da ba ta da dangi a cikin masu gardama.

Sai dai sau da yawa a wannan ranar ce mai mota ke gano cewa shaidar tasa ta daɗe da yin barci. Fitilarta na ci, hoton titi na kan allonta, amma da aka ciro katin sai a tarar bidiyon ƙarshe na makonni uku da suka wuce ne, ko kuma na lokacin haɗarin ya ƙi buɗewa. Daga nan magana ta koma bakin wanda ya fi iya surutu a gaban ƴan sanda ko jandarmomi, kuɗin gyara kuma ya hau kan wanda ba shi da hujja.

Mafi yawan masu wannan matsala suna yanke hukunci cewa kyamarar ce ta jabu, su jefa ta cikin akwatin mota. Alhali abubuwa uku ne suka fi kashe ta, kuma duka ukun ana iya gano su ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba: katin memori, wutar da take samu, da zafin rana.

Katin memori, wanda ake fara zargi

Kyamarar mota ba ta aiki kamar wayar salula. Tun daga lokacin da aka tada mota har a kashe ta, rubutu take yi a kan kati ba hutawa, tana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa na minti 1, 3 ko 5. Idan katin ya cika, sai ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a gurbinsa.

Kyamara mai ɗaukar hoto na 1080p tana cin wajen giga 5 zuwa 7 a awa guda. Ke nan kati mai giga 32 yana cika cikin awa 5 ko 6. Direban taksin da ke aikin awa 10 a rana yana cika shi kusan sau biyu kullum, wanda ya haura sau 600 a shekara. Kowane kati kuwa yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji. Wanda aka yi don ajiye hotuna da waƙoƙi a waya ba a yi shi don wannan wahala ba. Da ya fara gajiya sai ya riƙa jinkirin karɓar rubutu, kyamara ta tsaya tana jiransa, allonta ya daskare, maɓallanta su daina amsawa.

Akwai katunan da aka ƙera musamman don irin wannan aiki, ana rubuta kalmar Endurance a jikinsu, kamar SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. A duba kuma alamar saurin rubutu: lamba 10 a cikin da'ira, ko kuma U3 ga kyamara mai ɗaukar 2K ko 4K.

Sannan ga matsalar katin jabu, wadda duk mai sayen kayan waya ya sani. An rubuta giga 128 a jikinsa, waya ma ta nuna 128, amma ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Irin wannan kati yana aiki lafiya a awannin farko, da ya kai iyakarsa ta gaskiya sai duk abin da aka ƙara masa ya lalace. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kati ta sake karanta shi, ta faɗi ainihin girmansa. Araha ba ta ado, balle a kan abin da za a kai gaban hukuma.

Ko katin na ƙwarai ne, a riƙa goge shi gaba ɗaya, wato fomat, sau ɗaya a wata, kuma a yi hakan daga cikin kyamarar kanta, domin ita ta san tsarin da take so. Wasu tsofaffin kyamarori ba sa karɓar katin da ya wuce giga 32, don haka a duba takardar da ta zo da ita kafin a sayi babba.

Gargadar hanya na cika kati

Akwai wani dalilin da ya shafi hanyoyinmu kai tsaye. A cikin kyamarar akwai na'urar jin girgiza, wadda a jerin saituna ake rubuta ta G-sensor. Aikinta shi ne idan ta ji an bugi mota, ta kulle bidiyon wannan lokaci don kada a goge shi. Masu ƙera ta sun yi lissafi da kwalta mai santsi. A kan hanyar Tahoua zuwa Agadas, ko hanyoyin jar ƙasa na karkara, ko ramukan unguwa bayan damina, kowane rami haɗari ne a wurinta. Cikin ƴan kwanaki sai katin ya cika da kullallun bidiyoyin ramuka, babu sauran gurbin sabo, kyamara ta rubuta cewa kati ya cika ko kuma ta yi shiru kawai.

Maganin ba ya cin ko dala: a shiga saituna a mayar da ƙarfin jin girgizar zuwa mafi ƙanƙanta, sannan a goge katin.

Wutar da ba ta isa ba

Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, na manyan kamiyo 24, ita kuwa kyamara volt 5 take ci. Cajar da ake sokawa a ramin kunna sigari ita ke rage wutar. Idan kyamara na mutuwa tana tashi da kanta, ko tana tsayawa a kan tambarin kamfani ba ta wucewa, ko allonta na ƙyaftawa, a nan ya kamata a fara dubawa.

Yawancin kyamarori suna bukatar amper 1.5 zuwa 2, mai ido biyu gaba da baya ko mai GPS da Wi-Fi ta fi cin wuta. Cajar araha takan rubuta amper 2 a jikinta ta kasa ba da shi, musamman idan an haɗa mata wayoyi biyu suna caji a lokaci guda, abin da ba a rasa gani a taksi. Ramin USB na rediyon mota kuwa sau da yawa rabin amper yake bayarwa, kuma da yake an yi shi ne don karanta waƙoƙi, wasu kyamarori suna ɗauka an haɗa su da kwamfuta ne, sai su daina ɗauka su tsaya jiran a kwashi bidiyo.

Igiyar ma tana da nata laifin. Daga ramin sigari a zagaya da ita ta gefen gilashi zuwa bayan madubi ana cin mita 3 ko fiye. Idan wayar cikinta siririya ce, wutar na raguwa a hanya, abin da ya bar caja yana volt 5 ya iso kyamara bai kai ba. Shi ya sa igiyar da ta zo cikin kwali ta fi kowace igiyar waya da za a ara.

Shi kansa ramin sigarin, a tsofaffin motocin da ake shigo da su na hannu, yakan saki. Ƙurar hunturu da tsatsa na taruwa a ciki, kan caja ya riƙa motsi, kowace gargada ta yanke wuta na ƙiftawar ido. A kashe mota a share ramin da busasshen tsumma, a ɗan buɗa ƙarafunan gefen cajar don ta kama da kyau. Idan babu wuta sam, akwai fis biyu da za a duba: na ramin sigari a akwatin fis na mota, da wani ƙarami da ke cikin kan wasu cajoji, wanda ake gani idan an murɗe bakinsu. Fis ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba irin tasa. Ɗaure shi da zaren waya ko takardar sigari, kamar yadda wasu ke yi, hanya ce ta ƙona wayoyin mota.

Wani lokaci kuma kyamarar tana tona asirin motar ce. Batiri mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 idan mota na kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Lokacin tada mota wutar na faɗuwa na ɗan lokaci, a batirin da ya tsufa takan faɗi ƙasa da volt 10. Kyamarar da ta fara tashi da murɗa makulli na farko sai wutar ta yanke mata a tsakiya, ta maƙale. Duk mai gyaran wayar mota yana da mitar awon wuta, cikin minti biyu zai faɗa maka ko batirin ne ko kuma dinamon da ke caja shi.

Zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa a kudancin Nijar. Motar da aka rufe a rana, saman dashbod ɗinta na iya wuce digiri 70, kyamarar kuma a nan take manne da gilashi, baƙa wuluk, ga nata zafin aikin. Da yawa daga cikin masu araha ba a yi su don su wuce digiri 60 ba.

Abin da zafi ya fi lalatawa shi ne ɗan batirin litiyom da ke cikinta. Wannan batiri ba don dogon aiki aka sa shi ba. Amfaninsa shi ne idan wuta ta yanke, ya riƙe kyamara na ƴan daƙiƙu ta rufe bidiyon da take ɗauka. Idan ya mutu, duk lokacin da aka kashe mota bidiyon ƙarshe zai lalace. A haɗarin da ya yanke wutar mota kuwa, bidiyon ƙarshen nan shi ne na haɗarin.

Alamomin mutuwarsa a bayyane suke: kyamara na mutuwa nan take da an zare caja, kwanan wata na komawa wata tsohuwar shekara kowace safiya, ko jikinta ya kumbura har ya fara buɗewa. Wadda ta kumbura a cire ta daga mota ranar, domin kumburarren batirin litiyom na iya kama wuta. Kwanan watan ma ba ƙaramin abu ba ne: bidiyon da ke ɗauke da shekarar da ba ita ba, abokin gardama zai ce tsoho ne.

Don ƙasa irin tamu, wadda ta fi dacewa ita ce kyamara mai kafasita a maimakon batiri, ana rubuta supercapacitor a kwalinta. Ta fi jure zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya riga ya sayi mai batiri ya nemi inuwa, ya rufe gilashi, ko ya cire ta idan motar za ta wuni a rana.

Haɗa ta kai tsaye da wutar mota

Masu son kyamara ta ci gaba da gadi bayan an kashe mota suna haɗa ta da akwatin fis. Igiyar wannan aiki waya uku gare ta: ɗaya zuwa wutar da ba ta yankewa, ɗaya zuwa wadda ke zuwa da murɗa makulli, ɗaya zuwa ƙarfen jikin mota. Idan aka juya biyun farko, kyamara ba za ta san mota ta tsaya ba. Idan ta ukun ta hau kan fenti ko ƙusar da ta saki, matsalar mutuwa da tashi za ta dawo.

Igiya ta ƙwarai tana da ɗan akwatin da ke yanke wuta idan batiri ya sauka zuwa wajen volt 12 ko 11.8. Wadda ba ta da shi za ta tsotse batiri, mota ta kwana biyu a ajiye a wayi gari sai da turi. A kuma gargaɗi mai haɗawa kada ya taɓa fis na jakar iska ko na birkin ABS, kada kuma ya bi da igiya ta gaban jakar iskar da ke ginshiƙin gilashi.

Daga ina za a fara

Bi da bi ake yi, abu ɗaya a lokaci guda, don a san mai laifin. A fara da soka tsinke a ɗan ramin da aka rubuta Reset. A cire kati a kunna kyamara haka: idan ta daina daskarewa, katin ne. Idan ba ta daina ba, a kai ta ɗaki a haɗa ta da cajar waya mai ƙarfi da gajeriyar igiya, a bar ta awa guda. Ta yi aiki lafiya a ɗaki, to matsalar na cikin mota, caja ce ko igiya ko rami ko batiri. Tana aiki da safe tana tsayawa da azahar, zafi ne. Sai duk wannan ya gaza ne za a nemi sabuwar manhajarta a shafin kamfanin, a tabbatar ta wannan samfurin ce daidai, kuma kada wuta ta yanke ana cikin sa ta.

Ga ƴan uwa mazauna waje

Wanda zai aiko da kyamara gida ya zaɓi mai kafasita, ya haɗo da kati na ƙwarai guda biyu da cajarta ta asali, don su ne suka fi wuyar samu na gaskiya. Masu tuƙi a Turai kuma su san dokar inda suke. A Jamus, babbar kotun tarayya ta yanke a watan Mayun 2018 cewa ana iya karɓar bidiyon kyamarar mota a matsayin hujja a shari'ar haɗari, ko da yake ɗauka ba yankewa ba tare da dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanan jama'a. Ostiriya da Luksamburg sun fi tsanantawa. Ɗora bidiyon a Facebook ko TikTok da fuskokin mutane da lambobin motoci a fili na iya jawo wa mutum tara.

A gida ko a waje, dabi'a ɗaya ce ta fi duk dabarun nan amfani: sau ɗaya a mako, a buɗe bidiyon jiya a kalla, a duba kwanan wata da agogo, a tabbatar na ƙarshe yana buɗewa. Minti biyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.