Ƙofar da ke Sakin Haske Ƙwaya-Ƙwaya

Jama'a, mu da muka tashi a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira mun san aikin ƙofar ruwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan Kogin Nilu Shuɗi bisa awo yake shiga tur'a, har ya isa hawashar manomi. To, ashe masana sun daɗe suna neman yi wa haske irin wannan ƙofa.

A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwayoyi ne mitsi-mitsi, waɗanda ake kira foton. Fitila tana watso su barkatai, babu ƙidaya. Amma mai son aika saƙon da ɓarawo ba zai saurara a ɓoye ba, yana bukatar ƙwaya ɗaya tak a kowane lokaci, domin idan biyu suka fita tare, ana iya sace ɗaya ba a sani ba.

Dabarar ita ce a tsare haske tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna. A 1997 Atac Imamoglu da abokan aikinsa suka nuna a lissafi cewa idan aka sa wani abu a tsakanin maduban, ƙwayar farko za ta iya hana ta biyu shiga. An tabbatar da haka a 2005 a jami'ar Caltech ta Amurka, da ƙwayar zarra guda ta sinadarin siziyam. Sai dai aikin yana da tsada da wuya, don a yawancin kayan da ake da su, ƙwayoyin haske ba su cika jin juna ba.

A 2010 Liew da Savona, a birnin Lozan na Suwizalan, suka kawo wata hanya. Suka ce a haɗa ɗakunan madubi biyu, yadda ƙwaya ta biyu za ta sami hanyoyi biyu na shiga. Idan an daidaita su sosai, hanyoyin sai su kashe juna, kamar igiyar ruwa biyu da suka haɗu, tudun wannan ya cike kwarin waccan. Ke nan ko da kayan mai rauni ne, ƙofar za ta rufu. A 2018 aka gwada haka a Holan da Faransa, ya kuma yi.

Da lissafi aka fara gano wannan, shekara takwas kafin gwaji. Don haka muna roƙon iyaye, duk da ɗawainiyar da yaƙin 2023 ya jawo, kada a cire yaro daga ajin lissafi da kimiyya. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.