Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa hoto ɗaya yana iya sauya ma'ana gwargwadon abin da aka jera kusa da shi, ko da ba a taɓa kome a cikinsa ba? Wani masanin fim na ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, shi ya bayyana wannan al'amari wajen shekarar 1920, yayin da ya ɗauki fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, wadda babu fara'a ko ɓacin rai a kanta, ya haɗa ta da kwanon miya, sa'an nan da gawar yarinya cikin akwati, daga bisani da wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo kuwa suka dinga yabon gwanintarsa, wai sun ga yunwa, sun ga juyayi, sun ga shauƙi, alhali fuskar ɗaya ce tal.

Haka nan matsayin kyamara yake da nasa hukunci. Misali, wani ɗalibi a garin Madachi da malaminsa ya umurta da ya ba da labarin noman garinsu da wayar hannu, in ya durƙusa ya ɗauki manomi daga ƙasa, zai fito da shi cike da haiba da kwarjini. In kuwa ya hau ɗaya daga cikin duwatsun ƙasar Rano ya hango shi daga bisa, sai mutumin ya ƙanƙance a tsakiyar gona, girman aikin ya bayyana. Saboda haka, ɗalibai, ku fara tsara jerin hotunan a takarda kafin ku kunna kyamara.