Baƙon da Aiki Ya Kawo Dawaki: Wa Zai Gaya Masa?

Shekarun baya an turo wani saurayi ɗan bautar ƙasa makarantar da nake koyarwa, ya kama ɗaki a nan unguwar Dawaki a garin Gombe, gida na uku daga namu. Daga ƙasar Ibo ya fito, lissafi yake koyarwa, kuma ya iya aikinsa. Bai cika wata biyu ba sunansa ya ɓaci a layinmu. Dattawan da ke zama a ƙofar masallaci bayan la'asar suka ce yaron ba shi da tarbiyya, domin yakan wuce su da sauri ya ɗaga hannu daga nesa, ba ya tsayawa balle ya rusuna. Mai shago ya ce da hagu yake miƙa kuɗi. Shi kuwa mai gidan da yake haya, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da yaron ya kutsa har tsakar gida neman aron guga, ba sallama, mata suna zaune suna aikinsu. Maganar ta zaga unguwa, ta shiga kunnen kowa, ban da shi wanda ake maganar a kansa.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta na ce masa, "Kofa, zo mu ɗan zauna." Na zayyana masa abin da ake faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, "Malam, wata biyu ina yin wannan, me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Wannan tambaya tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gombe ba baƙuwar baƙi ba ce. Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu, kuma garin da muke ciki yau bai zama mazaunin sarki ba sai a 1919, bayan Gombe Abba da Nafada. Auduga da gyaɗa suka jawo 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 ya kawo ma'aikata daga Kudu, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke jihar daga Bauchi, garin ya zama babban birni. Tun daga lokacin ba a daina shigowa ba: likitoci da malaman jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, malamai a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da ta Tarayya da ke Kashere, ma'aikatan banki, injiniyoyin simintin Ashaka. A kan waɗannan kuma ga 'yan bautar ƙasa da ake turowa rukuni bayan rukuni, a ƙarƙashin shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a ranar 22 ga Mayu 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, domin matasan ƙasar nan su san juna. Mako uku ake yi musu a sansani, ana fareti da lacca, daga nan a miƙa wa mutum takarda a ce ga inda zai yi shekara. Waɗansunsu a Dawaki suke samun ɗaki, ko Bolari, ko Jekadafari, ko Herwagana, ko Pantami. Mako uku ba sa isa mutum ya san abin da mu muka sha tun a nono.

Abin da ke rikita lamarin shi ne baƙon nan ba daga wata uwa duniya ya zo ba. Naira ɗaya muke kashewa, Turanci ɗaya muka koya a makaranta, ƙwallo ɗaya muke kallo. Da Bature ne ya miƙa kuɗi da hagu, da mai shago ya yi murmushi ya ce bai sani ba. Amma da yake ɗan Nijeriya ne baƙar fata, sai a ɗauka ya sani, ganganci ne kawai da raini. Kusancin ne ke ɓoye bambancin.

Ba mu kaɗai wannan ke samu ba. Ku dubi Amurkawan da ke aiki a ƙasar Ailan. Manyan kamfanonin Amurka sun daɗe a can: Apple yana birnin Kok tun 1980, Google da Facebook kuma a Dablin suka kafa manyan ofisoshinsu na Turai. Harshe ɗaya suke yi, kuma Amurkawa sama da miliyan 30 suna cewa kakanninsu daga Ailan suka fito, da yawa a dalilin yunwar da ta fara a 1845. Duk da haka Ba'amurke kan yi tuntuɓe. Shi ya saba a wurin aiki mutum ya faɗi abin da ya iya da bakinsa, su kuwa mutanen Ailan suna ganin yabon kai abin kunya ne. In an yi wa ɗan Ailan tayin shayi yakan ce a'a da farko, yana jiran a sake tayi, shi kuma Ba'amurke da ya ji a'a sai ya ɗauke butarsa. Mutanen Ailan suna da zolaya mai zafi wadda sai wanda suka karɓa suke yi wa, baƙo kuma ya ɗauka cin mutunci ne. Hatta hutu ya bambanta: dokar Ailan ta ba cikakken ma'aikaci hutun mako huɗu da albashi a shekara, alhali dokar tarayyar Amurka ba ta wajabta ko kwana ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan a Gombe zai ga kamar da mu ake. Ƙin karɓar tayi na farko ai fulaku ke nan. Zolayar kuma ita ce wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, inda za ka ji dattawa biyu kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, baƙo ya tsorata ya zaci faɗa zai tashi, alhali zumunci ne ake sabuntawa.

To, mene ne baƙo ba ya gani a Dawaki?

Babbar aba ita ce gaisuwa. A wurinmu gaisuwa ba share fagen magana ba ce, ita kanta magana ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi ko zafi, ya muka ji da jama'a. Ma'aikacin da ya shigo ofis ya ajiye fayil a gaban magatakarda ya ce a sa masa hannu, yana ganin ya kyauta ne da bai ɓata wa mutum lokaci ba. Shi kuwa magatakarda ya ji an mai da shi kamar injin. Minti biyun da baƙon ya yi tattali za su iya zama mako biyu na jiran fayil, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Akwai kuma yadda jiki ke gaisuwa. Yaro ba ya fara miƙa wa babba hannu, ba ya ƙura masa ido, yakan rage tsawo. A wasu wuraren kallon mutum cikin ido alamar gaskiya ce, a nan kuwa tsaurin ido ne. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu. Ba a kiran babba da sunansa tsirara, sai a ce Baba, Bappa, Kawu, Goggo, Hajiya, Malam, Alhaji. Da yawa daga cikin dattawanmu mata ko sunan ɗansu na fari ba sa faɗa, balle na miji, baƙuwar malamar asibiti kuma tana riƙe da kati tana ta nanata tambaya, tana ganin taurin kai ake yi mata.

Sai gida. Zaure iyaka ne, ko an rubuta "ba shiga" a bango ko ba a rubuta ba. Namiji yakan tsaya a waje ya yi sallama ko ya aika yaro. Wanda ya tashi a gidan haya na Legas ko Anaca, inda kowa ke ratsa tsakar gida, bai san akwai wannan katanga ba, domin ba da ido ake ganinta ba.

Lokaci ma da sallah muke auna shi. In an ce "bayan la'asar" ko "in an sauko daga Juma'a", alkawari ne sosai, sai dai ba da agogo aka ɗaure shi ba. Wanda ya sa taro da ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a shi kaɗai zai zauna. In azumi ya kama, aiki kan koma safiya, kuma ba wanda ya ce wanda ba Musulmi ba ya yi azumi, amma ya tsaya a bakin titi da tsakar rana a zafin Gombe yana kwankwaɗar ruwan sanyi, za a gani, ba za a ce komai ba, kuma ba za a manta ba. Haka ta'aziyya. In an yi wa abokin aikinka rasuwa, saƙon waya bai wadatar ba. Ana zuwa da ƙafa, a zauna a tabarma, a ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Na ga Kiristan da ya sami shiga a unguwar nan da zama ɗaya a wurin makoki, fiye da abin da kyautar shekara za ta ba shi.

Amma inda na fi so mu dakata shi ne harshenmu, domin a nan ne nauyin ya fi karkata kanmu. Mu mutane ne masu kara. Ba ma son cewa a'a ƙiri-ƙiri. "Sai na duba" sau da yawa a'a ce. "Bari mu gani" a'a ce mai ladabi. "To" tana iya zama na yarda, tana iya zama na ji kawai. "Ba komai" kuwa wani lokaci akwai komai, har da yawa. Ɗan gari yana jin bambancin a sautin murya da yadda aka kau da kai. Baƙo yana jin kalmar ne kurum, ya tafi da murna an amince masa, ya dawo gobe, ya dawo jibi, har a ce ya cika naci, shi kuma ya ce mutanen nan ba sa cika alkawari. Kowa ya tafi da mummunan zato, ba wanda ya yi ƙarya.

Kara kyakkyawar ɗabi'a ce, ita ke riƙe da gidajenmu, kuma ba na kira a watsar da ita. Sai dai an gina ta ne don mutanen da suka san ƙa'ida ɗaya, waɗanda shiru ma saƙo ne a wurinsu. In ka yi wa baƙo shiru, bai karɓi saƙon komai ba. Mun kauce wa kunyar minti ɗaya ta gaya masa gaskiya, mun bar shi ya yi shekara yana tafka abin da ke zubar masa da mutunci. Mu ne ke cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya ga makaho ya nufi rami ya yi shiru don kada ya ba shi kunya, bai yi masa kara ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mu gyara a bakinmu. Yaranmu kan bi baƙo da "Inyamuri" ko "arne", manya suna ji ba sa tsawatarwa. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani Kudu ya san zafin da ake ji in an kira shi "aboki" da sautin wulaƙanci, alhali kalmar tamu ce kuma mai daɗi. Abin da ba mu so a yi wa namu a Fatakwal, kada mu yi wa na wasu a Dawaki. Kuma mu tuna jiharmu kanta ba launi ɗaya ba ce. Akwai Fulani da Hausawa da Bolawa da Terawa da Barebari, akwai Tangale da Waja da Tula da Dadiya, masallaci da coci. Ɗan Billiri ko Kaltungo da aiki ya kawo cikin gari shi ma yana da nasa abin da yake haɗiyewa bai faɗa ba. Mu ma muna da abin koya a wurin baƙin: zuwa aiki a kan lokaci, rubuta yarjejeniya a takarda, tambayar abin da ba a gane ba a gaban kowa ba tare da jin nauyi ba. Ɗagawar muryar da muke ɗauka faɗa ce, sau da yawa a wurinsu hira ce ta yi daɗi.

Saurayin nan da na ba ku labari, washegarin zamanmu ya tsaya a gaban dattawan masallaci, ya rusuna, ya ce "Ina wuni, Baba" da karyayyiyar Hausarsa. Suka yi dariya, suka gyara masa, ɗayansu ya ƙara masa da gaisuwar Fulatanci "Jam na?" ya koya masa ya amsa da "Jam." Da Babbar Sallah, gidaje huɗu ne suka aika masa da nama. Ranar da zai tafi, mai gidan da ya yi fushi da shi ne ya raka shi tasha.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni, da masu gidajen haya, da shugabannin makarantu da asibitoci da ake turo wa ma'aikata, da limamai da fastoci. In baƙo ya sauka, a samu mutum ɗaya mai hankali ya zauna da shi a makon farko, namiji ga namiji, mace ga mace, a gaya masa yadda ake gaisuwa, da inda ƙafarsa za ta tsaya, da shigar da ta dace da unguwa, da abin da "sai na duba" ke nufi. A keɓe za a yi, da sakin fuska, ba a gaban jama'a ba. Kai kuma baƙo, in wani ya karanta maka wannan, ka koyi gaisuwa goma kafin ka koyi farashin kasuwa, kuma ka nemi dattijo ɗaya ka ce masa, "Baba, in na yi kuskure a gaya mini." Mai karatu, in akwai irin wannan baƙo a layinku wanda ake maganarsa a bayan idonsa, kada ka jira wani. Ka same shi yau bayan la'asar.