Filash Ba Zai Ceci SSD Ba

A shagunan buga takardu na Kafanchan, musamman waɗanda ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suke cika a lokacin rubuta firojet, kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce jarin mai shago. Yawancinsu tokumbo ne, kuma da yawa an cire musu tsohuwar ma'ajiya mai faifai an saka SSD saboda sauri. To, akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu gyara: a soka filash ko katin memori, a umarci Windows ta riƙa zuba fayilolin wucin gadi a can, wai don kada SSD ta tsufa da wuri.

Shawarar tana da tushe. SSD tana adana bayanai ne a cikin ƙananan ɗakuna na lantarki, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Kowane ɗaki kamar allon makaranta yake. A rubuta, a wanke, a sake rubutawa, kuma kowane wanki yana cin fuskar allon kaɗan. Ba a iya goge harafi ɗaya, sai an wanke rukunin ɗakuna gaba ɗaya. Irin ɗakunan da ke cikin yawancin SSD na kasuwa, waɗanda ake kira TLC, suna jure wanki kamar sau dubu ɗaya zuwa dubu uku. Fayilolin wucin gadi kuwa, wato tarkacen da manhajar shiga intanet ko ta gyaran hoto ke ajiyewa tana sharewa, kullum cikin rubutu da wanki suke.

Sai dai masu ƙera SSD sun san da wannan. A cikinta akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa mai raba aiki, wadda ba ta yarda a dami allo ɗaya alhali sauran na jingine. Tana zagayawa da rubutun ne har ya game dukkan ɗakunan daidai wa daida. Shi ya sa kamfanin Samsung ya ba SSD ɗinsa samfurin 870 EVO mai gigabayit 500 garantin rubutun terabayit 300. Mai shagon da ke rubuta gigabayit 20 kowace rana, wanda ya fi ƙarfin aikin buga takardu nesa ba kusa ba, sai ya shekara kusan 41 kafin ya kai wannan adadi. A wani gwaji da shafin intanet na Tech Report ya yi daga 2013 zuwa 2015, an yi ta rubutu a kan SSD shida dare da rana har suka mutu, kuma wadda ta fi daɗewa, Samsung 840 Pro, sai da ta haura terabayit 2,400.

Shi kuwa filash, da irin waɗannan ɗakuna aka yi shi, amma galibi masu ƙarancin inganci, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta SSD iya raba aiki ba. Ga shi da nawa wajen rubuta ƙananan fayiloli, ga jabu sun cika kasuwa, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Idan wani ya zare shi ana tsakiyar aiki, manhaja ta tsaya cak, wataƙila babin ɗalibi ya salwanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Inda dabarar ke da ɗan amfani shi ne ƙananan kwamfutocin nan masu ma'ajiyar eMMC ta gigabayit 32 da aka manne a jikin injin, kuma nan ma ƙarancin wuri ake magancewa.

Abin da ya fi barazana ga SSD a kudancin Kaduna shi ne wuta. Kwamfutar da batirinta ya mutu, tana aiki da soket kai tsaye, idan aka ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe tana tsakiyar rubutu, taswirar da SSD ke gane inda ta ajiye komai na iya rikicewa. Zafi da cika ta maƙil su ma suna gajiyar da ita.

Saboda haka kuɗin filash ya fi kyau a tara shi a canza batiri ko a ƙara RAM, domin idan RAM ya yi kaɗan, Windows kan koma tana jibge aiki a kan SSD. A bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na ma'ajiyar babu komai, a riƙa duba lafiyarta da manhajar kyauta ta CrystalDiskInfo. Filash ɗin kuma a ba shi aikin da ya iya: kowane yamma kafin a rufe shago, a kwafe aikin kwastomomi a ciki, a zare shi, a sa a aljihu.