Horon Karnukan Farauta: Biyayya Ita Ce Jarin

A ƙasar Ingila horar da karnukan farauta sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake biyan ƙwararru kuɗi dominta. Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, ba asalin kare kaɗai ke ɗaga farashinsa ba. Wahalar da aka sha wajen koya masa jin magana ita ce kan gaba. Shi ya sa horarren kare yakan ninka ɗan kwikwiyo tsada.

Sana'ar ta daɗe da samun tsari. A shekarar 1865 aka yi gasar farko ta gwada karnukan farauta a fili, a ƙauyen Southill. A 1873 kuma aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ke rajistar karnuka da shimfiɗa ƙa'idojin gasa. Ko da yake dokar 2004 ta hana farautar yanyawa da garken karnuka a Ingila da Wales, ba ta hana harbin tsuntsaye ba, inda aikin kare shi ne ya taso tsuntsu ko ya ɗauko wanda aka harbo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akan fara da abubuwa huɗu: kare ya zauna, ya tsaya inda aka bar shi, ya yi tafiya dab da ƙafar maigidansa, ya kuma dawo da zarar an kira shi. Da farko da igiya ake yi, daga baya a cire ta, a koma ga usur da nuni da hannu. Busa ɗaya mai tsawo na nufin ya tsaya, gajeru a jere kuwa na nufin ya dawo. Sai an ga waɗannan sun zauna sannan ake jefa masa ƙunshin tamfol ya ɗauko, a kuma saba masa da ƙarar bindiga sannu a hankali, tun daga nesa.

Gaggawa ita ce babbar hanyar asara. Karen da aka firgita da harbi yana ƙarami, da wuya ya sake amfani. A wurin gasa ma, alƙalai kan fitar da wanda ya ruga kafin a ba shi izini, ko ya tauna tsuntsu, ko ya riƙa kuka. Fitarwar tana taɓa aljihu, domin nasara a gasa ce ke ƙara wa kare da 'ya'yansa daraja.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga mafarautanmu da ke shiga daji da karnuka lokacin rani. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita, in an ambaci sunan Allah. Ke nan a nan gida, halaccin naman da mafarauci zai kai kasuwa yana rataye ne a kan horon da ya yi wa karensa.