Mai Goyo da Rage Ƙiba: Yaya Za a Yi Nono Bai Janye Ba?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na yau na masu jego ne da masu goyo. Amma maigida, kada ka murɗa akwatin rediyon, akwai rabonka a ciki. Ke ma Hajiya, kakar jariri, gyara zama.

Mai jego a yau kunnenta biyu, kowanne da abin da ake zuba masa. Uwa na cewa, "Shanye kunun nan tas, 'yar nan, ai ba ke kaɗai kike ci ba." Ƙawaye kuwa, da an zo barka sai a yi ta zolaya: "Wance, wannan tumbin fa, ko akwai saura ne a ciki?" Ta ɗauki waya, ga masu tallan shayin rage ƙiba, wai kwana bakwai ciki ya lafe. To wa za ta bi? Mu fara jin abin da jikin kansa yake yi.

Mace mai ciki mai matsakaicin jiki, likitoci na sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta sauka. Ranar haihuwa kimanin kilo 5 zuwa 6 ke tafiya, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwan faya. Mahaifa kuma sai ta yi kusan mako shida kafin ta koma yadda take, wanda ya zo daidai da arba'in ɗin da iyayenmu suka ware. Shi kuwa kitsen da ya taru a ƙugu da cinyoyi, ba a banza jiki ya tara shi ba. Guzuri ne ya ajiye saboda shayarwa.

Ga dalili. Uwar da ke ba jaririnta nono zalla tana samar da kimanin mililita 750 a kowace rana, kuma wannan aiki yana cin kalori wajen 500, fiye da abin da za ta ƙone in ta yi tafiyar awa guda a ƙasa. Shi ya sa mata da yawa ke saɓulewa a hankali ba tare da sun yi wani abu ba. Amma jiki suna suka tara. Wata sai ta yaye sannan take ganin canji, kuma wannan ba ciwo ba ne.

[Gajeren kiɗa]

MAI GABATARWA: To me ke kawo ruwan nono, me kuma ke janye shi? Babban abin shi ne tsotso. Duk lokacin da yaro ya kama mama, jiki na sakin sinadarin furolaktin mai haɗa nono, da oksitosin mai tsatso shi waje. Gwargwadon yadda ake sha, gwargwadon yadda yake zuwa. Abin da ya fi kashe shi shi ne barin yaro ya daɗe bai sha ba, ko a cika masa ciki da ruwa da madarar gwangwani. Sai kuma yunwa mai tsanani, irin ta wadda ta yanke abinci rana ɗaya don ta rame.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce haƙuri. Bari yaro ya kai kamar wata biyu, nono ya kankama, jikinki ya murmure. Daga nan sai a bi sannu: rabin kilo a mako, kilo biyu a wata. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a shekarar 2000 ya bi wasu mata masu ƙiba a Amurka da ke shayarwa, waɗanda suka rage abinci kaɗan suka haɗa da motsa jiki. Sun riƙa sauke kimanin rabin kilo a mako, jariransu kuma suka ci gaba da girma daidai da na sauran. Masana abinci sun kuma ja layi: mai shayarwa kada ta yi ƙasa da kalori 1,800 a rana.

Na san wata za ta ce, "Malam, ni ina na ga ma'aunin kalori?" Gaskiyarki. Mu shiga kicin tare. Da safe kofin shayi, madara mai kauri, sukari ƙwaya biyar, burodi da bota. Da hantsi ragowar cincin na suna. Da rana malmala biyu, miya mai na iyo a samanta, a kora da lemon kwalba. Lemo mai santilita 50 na iya ɗauke da sukari gram 50, wato ƙaramin cokali wajen 12. Babban cokalin mai guda kuma kalori 120 ne. Cokali huɗu ke nan sun kusa mayar da duk abin da shayarwar yini ta ƙone. Nan ne wurin ragi, ba a kan abincin kirki ba.

Ki bar wake a inda yake, ko alale ne ko ɗanwake, sai dai a sassauta man. Ki riƙe ƙwai, kifi, nama daidai ƙarfi, nono da fura ba tare da an tsuge sukari ba. Kwaɗon zogale ko na rama, miyar alayyafo, kuka, gwanda, gwaiba, duk su cika kwano. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, kuma tuwon dawa ko gero ko acha ya fi riƙe ciki a kan farar shinkafa. Kada ki tsallake karin kumallo, domin yunwar hantsi ce ke tura hannu cikin bokitin cincin.

Ruwa kuma, tunda wajen kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, ki ajiye kofi kusa da ke duk lokacin da za ki shayar. Ki sha gwargwadon ƙishi. In fitsarinki ya yi duhu, kin gaza. Ɗirka ruwa fiye da kima kuwa ba ya ƙara nono.

[Gajeren kiɗa]

MAI GABATARWA: Hajiya, yanzu gare ki, da girmamawa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa. Don haka ba kowace cikar jiki ce ƙiba ba. In ƙafafun mai jego sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya rigingine, ga tari da dare, to a bar batun rage ƙiba, a nufi asibiti a ranar.

Shayin rage tumbi fa? Da yawansu filasko ne a ciki ko wani abin da ke sa gudawa da yawan fitsari. Ruwan jikinki ne ke zubewa, kitsen yana nan daram, kuma abin da ba ki san haɗinsa ba yana iya bin nono ya isa ga yaro. Haka ɗaure ciki da zane ko bel: yana iya tallafa miki, amma ba ya narkar da kitse.

Motsa jiki kuwa ba ya ɓata nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu jego shawarar minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta isa, ko da zagaya tsakar gida ne. Ki shayar kafin ki fara, ki sa rigar mama mai riƙewa. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita. Azumin nafila da niyyar ramewa kuma a ɗaga masa ƙafa, tunda ko na farilla malamai sun yi bayanin rangwamen da aka yi wa mai shayarwa.

Ta yaya za ki gane ba ki wuce gona da iri ba? Dubi yaron. A watannin farko yana shan nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida, nauyinsa na hawa a katin awo. In fitsarinsa ya ragu, ko awo ya tsaya, ko ke kina jin jiri, ki ƙara abinci ki ga ma'aikaciyar lafiya.

Maigida, ga naka. Kalma ɗaya ta gori daga bakinka ta isa ta sa mace ta hana kanta abinci, kuma ɗanka ne zai ɗanɗana. Maimakon katan ɗin lemo, shigo da ƙwai da ganye da kayan marmari. Ka karɓi yaron awa guda ta samu ta runtsa, domin rashin barci kansa yana buɗe ciki.

Nono zalla wata shida, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu: wannan shi ne gaba da komai, ragin ƙiba kuma ya biyo baya a tsanake. Ranar rigakafi mai zuwa, in an auna yaro, ke ma ki hau sikeli, ki rubuta, sai wata ya zagayo a sake dubawa.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya. Mu kwana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]